Yadda Tsohon Direba Ya Koyi Ɗinki

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa bas ɗin ma'aikatan wani kamfanin sabulu, kuma ko kaza bai taɓa takewa ba. Shi ya sa ake ce masa Birki. Ma'aikatan ne suka laƙaba masa sunan, kuma don haushi suka laƙaba, ba don yabo ba. Mutum ya gaji yana son ya isa gida, shi kuwa bawan Allah da ya hango akuya can nesa sai ya fara rage gudu. Su yi ta mita, "Haba Direba, ai da ƙafa muka tako da tuni mun isa!" Ko a jikinsa. Kullum da safe sai ya duba mai, ya duba ruwa, ya zagaya ya bubbuga tayoyi, ya goge madubi da tsumman da ba ya rabuwa da aljihunsa, sannan ya yarda ya tada inji.

Matarsa tela ce, kuma Tela kowa ke ce mata a unguwar, har shi mijin, sai dai in yana neman wani abu a wurinta, sannan ta koma Maman yara. Kekenta baƙi ne, irin na takawa, yana falo jikin taga. Kusa da shi akwai teburin yanka, ƙato, wanda kafinta ya haɗa a cikin ɗakin don ba ƙofar da zai bi ya shiga. A kan wannan keken ta ɗinka kayan makarantar 'ya'yansu huɗu da na rabin yaran layin. Birki bai taɓa ɗora hannu a kansa ba. Sau ɗaya tak ya ɗauki almakashinta ya yanke wata waya, kwana biyu ana ba shi abinci ba a ce masa ci kanka ba.

Wata takwas da ajiye aikinsa, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita, da hantsi, tana tsakar auna wata mata. Sati uku suka yi a asibiti. Ta dawo gida hannun dama a sake, ƙafar dama ta yi nauyi, magana tana fita da ƙyar. Ma'aikaciyar asibitin da ke zuwa motsa mata gaɓoɓi ta ja Birki gefe ta faɗa masa gaskiya ba kwana-kwana.

"Baba, ƙafar nan da ranta. Amma sai ta miƙe ta taka ta. In watannin nan suka wuce tana kwance, gwiwar za ta ƙage, shi ke nan kuma, ita da gado har iya rayuwa."

To, ita kuwa Tela ta juya fuskarta bango. Matar da a da muryarta ke kaiwa bakin titi, yanzu kalma biyu ce ta rage mata: "Ƙyale ni." Birki ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya haɗa ta da 'ya'ya a waya, ya sayo sanda mai ƙafa uku ya jingina jikin gado. Sandar ta zama wurin rataye tawul. Shi ke ɗaukarta ya kai ta wanka, shi ke ba ta abinci a baki, kuma kowace safiya in ya taɓa gwiwar sai gabansa ya faɗi. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji a kan hanya ba.

Babbar 'yarsu ta zo ta kwana biyu, ta lulluɓe keken da zanin gado. "Baba, ku ba wani keken nan. Duk sanda aka wuce da ita ta gan shi sai ta yi hawaye."

"Bari dai mu gani," in ji shi. Ba don yana da wata dabara ba, ransa ne kawai bai ba shi ba.

Abin ya faro ne daga rigar matashin kai. Ta yage a wanki, shi kuma mutum ne da ba ya iya ganin abu a lalace ya wuce. Ya yaye zanin, ya zauna, ya ce a ransa wanda ya juya bas mai kujera sittin, me keken ɗinki zai gagare shi? Ya cusa ƙyallen, ya ɗora ƙafa a mataki ya danna. Keken ya yi baya, ya yi gaba, ya yi wata ƙara kamar ana tauna tsakuwa, zare ya cukurkuɗe a ƙasa, allura ta karye ɓas.

Sai ga murya daga ɗaki, a karkace, amma da ƙarfinta: "Wane... mara tsoron Allah ne... ke kashe mini keke?"

Birki ya daskare a kan kujera. Rabonsa da jin magana mai tsawon wannan daga bakinta tun kafin asibiti. Ya leƙa ɗakin. Ta juyo daga bango, idonta a kansa, ranta a ɓace ƙwarai. Wallahi bai taɓa jin daɗin ɓacin ran mutum irin na ranar ba.

"Ni ne, Maman yara. Ɗinki zan koya."

"Kai?"

"Ni."

"Tashi... daga kan kekena."

"In kina so in tashi, ki zo ki tashe ni."

Ba ta zo ba. Amma washegari da ya koma ya zauna, ba ta iya yin shiru ba. Ta yi shekara talatin tana jin sautin keken nan, ta san lafiyarsa da ciwonsa da kunne kawai. Daga kan gado ta fara ba da umarni, shi kuma yana kai da komo tsakanin falo da ɗaki da abu a hannu.

Farko ta hana shi zare gaba ɗaya. Kwana uku yana taka keke ba zare ba ƙyalle, har sai ƙafafunsa sun koyi tafiya ɗaya ba tsayawa. "Da hannu ake tayar da wilin, ka jawo shi wajenka, sannan ƙafa ta karɓa. Ba totur ba ne da za ka danne." Daga nan ta sa ya ja layuka a kan tsofaffin takardu yana bi da allura. Ya kawo mata, ta ɗaga takardar da hannun hagu ta duba hujojin a hasken taga, ta ce ko maye ne ya yi tuƙin ba zai yi wannan karkacewar ba. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya bai kauce layi ba! Ya haɗiye, ya koma ya ja wasu layukan.

Sai sa allura: gefen da yake a shafe yana da inda yake kallo, in ka juya ta keken zai riƙa tsallake ɗinki. Sai kwarkwaro, ɗan abin nan da ake naɗa zaren ƙasa a jikinsa, wanda in an naɗa shi sako-sako babu zaman lafiya. Sai bin hanyar zaren sama, rami bayan rami, ba a tsallake ko ɗaya. Yatsunsa manya ne, ido kuma ya fara gajiya, sai ya yi minti biyar yana neman kafar allura, ita tana jiyo numfashinsa daga ɗaki.

"Yanke bakin zaren a karkace! Ka sa farar takarda a bayan allurar, za ka ga ramin."

Ya gwada, zaren ya shige. Ya ce, "Ikon Allah."

"Ka riƙe wutsiyar zaren biyu kafin ka fara. In ba haka ba su ne za su cukurkuɗe maka a ƙasa."

Babbar matsalarsa hannu ce. Ya saba da sitiyari, sai ya damƙi yadi da hannu biyu yana ja, yana murɗawa. Ɗinkin ya tattare, allura ta lanƙwashe. Ta ce keken yana da haƙoransa a ƙasa, su ke jan yadi, nasa kawai ya nuna hanya da tafin hannu. Kuma ya daina kallon allura. "Allura ta san aikinta. Bakin yadin za ka kalla, can gaba kaɗan." Nan ne abin ya shige shi. Shi ma abin da yake gaya wa sababbin direbobi ke nan, a daina kallon hancin mota. Ranar da ta nuna masa ɗan ƙarfen da ake ɗagawa a yi baya, don a ƙulle farkon ɗinki da ƙarshensa, dariya ya yi har da tafi. "Ashe har da ribas!" Gefen bakinta mai lafiya ya ɗan motsa, ta yi maza ta gimtse.

Abin da ya fi yi a watan farko shi ne farkewa. Ya ɗinka, ya kai mata, ta shafa da babban yatsa ta ce, "Farke." Ya zauna da reza yana tsinke zare ɗaya bayan ɗaya. Akwai kalmasar da ya farke sau bakwai. Kuma kowane layi ya gama sai ya tashi ya goge shi da dutsen guga kafin ya ci gaba, don a cewarta telan da ba ya guga yana ɗinki, aikinsa daga nesa ake gane shi. Abu ɗaya ne ba ta koya masa ba, wato kula da inji. Wannan kam gidansa aka zo. Kowace safiya sai ya share gashin zare daga ƙarƙashin haƙoran, ya ɗiga mai a kowane rami, ya duba bel. Keken ya yi laushin da ita kanta ta ce bai taɓa yi ba.

Cikin wata biyu ya ɗinka rigunan matashi shida, da labulen kicin, da siket ɗin jikarsu. Ita kuma ta koma zama a jingine, tana cin abinci da hannun hagu, maganarta ta warware har tana iya yi masa faɗa mai tsawo ba ta huta ba. Amma ƙafar nan ba ta taɓa ƙasa ba. Da an ambaci sanda sai fuskarta ta rufe. Rannan ta gaya masa dalili, a hankali, ba ta kalle shi ba: "In na miƙe na faɗi, na san shi ke nan. Gara ban sani ba."

Ma'aikaciyar asibitin ta lanƙwasa gwiwar ta miƙar, ta dubi Birki a bakin ƙofa. "Ta fara tauri, Baba. Ba mu da sauran lokaci mai yawa."

A wannan satin ne maƙwabciyarsu ta shigo da yadi a leda. 'Yarta ta samu aikin koyarwa, za ta fara ran Litinin, tana son riga. Yadin shuɗi ne mai ƙananan furanni, marigayiya mahaifiyar maƙwabciyar ce ta bari a akwati, babu irinsa a kasuwa yanzu, kuma ɗan daidai riga ɗaya ne. Birki ya ce a'a, shi ɗan koyo ne. Maƙwabciyar ta ce, "Haba Baba Birki, ai idon Tela na kai." Daga ɗaki Tela ta ce a karɓa. Ya ji yadda muryarta ta tashi, sai ya karɓa.

Ta bi da shi dalla-dalla. A jiƙa yadin a shanya tukuna, don in zai tsuke ya tsuke tun ba a yanka ba. A goge. A auna yarinyar, a rubuta, a sake aunawa. A fitar da fasalin rigar a takarda kafin a kusanci yadi. A ga cewa furannin duk sama suke kallo. A zana da alli, a bar rarar yatsa ɗaya bayan layi don ɗinki ya samu wurin zama. "Ɗinki in ya ɓaci sai a farke," in ji ta, "amma abin da almakashi ya raba ya rabu. Ka nutsu."

Ya nutsu. Gaba ya fita daidai, baya ya fita daidai. Da ya zo kan hannuwa ne halinsa na tattali ya ja masa. Ta ce ya ninka yadin fuska da fuska ya yanke hannu biyun lokaci ɗaya. Shi kuwa ya ga in ya ninka za a yi asarar wani ɗan gefe, sai ya shimfiɗa yadin falle ɗaya, ya ɗora takardar ya yanka, ya matsar da ita gaba ya sake yankawa, bai kifa ta ba. Har yana jin daɗin ya yi dabara. Ya kai mata da fara'arsa.

Ta ɗora su a cinya, ta duba wannan, ta duba wancan. Ta ɗago ta dube shi.

"Baban yara, yarinyar nan hannun hagu biyu gare ta?"

Nan ya gane. Hannun riga gabansa daban, bayansa daban, kuma yadin fuska ɗaya gare shi, ba a juya shi. Ya yanka hannun hagu sau biyu. Yadin marigayiya, amanar maƙwabciya, ga sunan Tela a kai. Kunya ta rufe shi har ya kasa ɗaga kai.

"Me ya rage?"

"Ƙyallaye. Babban cikinsu bai kai faɗin hannu ba."

"Zai yi, in an san yadda za a kwantar da shi. Sai a yi ƙari ta ƙarƙashin hammata, inda ba mai gani." Ta yi ta kwatanta masa, ya je teburi ya juya takarda ya juya, in furanni sun daidaita tsawon ya gaza, in tsawon ya kai furanni sun kifa. Ya kwaso ƙyallayen ya kawo mata gado, katifa ta lotsa, komai ya karkace, ba a gane inda zaren yadin ya miƙe. Ta ture su da haushi. "Sai a kan teburi. Ɗauke ni ka kai ni."

Ya sunkuya kamar yadda ya saba kullum, har ya zura hannu ƙarƙashin gwiwarta. Sai ya ji taurin nan a tafin hannunsa. Ya tsaya. Ya zare hannun a hankali, ya miƙe, ya cire tawul daga kan sandar, ya matso da ita inda hannunta na hagu zai kai.

"Ba zan ɗauke ki ba."

"Me ka ce?"

"Wanka zan kai ki, duk inda ya zama dole zan kai ki. Amma teburin nan, da ƙafarki za ki je."

Kai, ranar ya ji abin da bai taɓa ji ba. Ta ce mugu ne, ta ce ya ɓata yadin mutane kuma yana son ya kashe ta, ta ce shekara talatin da shida tana zaune da shi ba ta san zuciyarsa dutse ba ce. Ta yi kuka. Shi ma nasa idon ya cika, amma ya juya ya fita falo ya zauna a gaban teburin. Ranar Juma'a ce. Ta wuni ba ta kula shi ba. Asabar ma haka, ya kai abinci ta kau da kai. Ya gama jikin rigar, ya haɗa kafaɗu, ya kafa hannun hagun, ya goge. Daga nan aiki ya tsaya, keken ya yi shiru. Sau biyu yana tashi da niyyar ya je ya ɗauko ta a huta, sau biyu yana komawa ya zauna. Ya riga ya yanke wa kansa: in rigar ta ɓaci, shi zai je ya durƙusa wa maƙwabciya ya ba ta haƙuri, amma ba zai ɗauke ta ba.

Ran Lahadi da hantsi maƙwabciyar ta leƙo ta taga. "Baba Birki, ana samu kuwa?" Ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya, sai muryar Tela ta riga shi daga ɗaki: "Ki dawo da la'asar." Matar ta yi godiya ta tafi.

Sannan gadon ya yi ƙara. Sannan ya ji ƙafar sanda ta bugi siminti.

Ya zabura ya isa bakin ƙofa. Tana zaune a bakin gado, ƙafafu a ƙasa, ta damƙe sandar har jijiyoyin hannunta sun fito. Ta yunƙura ta koma. Ta sake yunƙurawa ta koma. A na uku ta miƙe, tana rawa kamar sabon ɗan maraƙi. Ya miƙa hannu.

"Kar ka taɓa ni. Ka tsaya a bayana kawai."

Ya tsaya a bayanta, hannuwansa a buɗe ba su taɓa ta ba. Ta tura sanda, ta taka ta hagu, ta jawo ta dama. Ta tsaya tana haki. Ta sake. A bakin ƙofa gwiwar ta lanƙwashe, ta dafa bango da kafaɗa, shi kuma ransa ya kusa fita, amma bai kama ta ba, ita ma ba ta faɗi ba. Daga gadon zuwa teburin bai fi taku goma sha biyu ba, sun kusa cinye rubu'in awa.

Ta jingina cikinta da teburin, zufa na ɗiga daga haɓarta. Ba ta dube shi ba, ƙyallayen ta duba. Ta ja babban da yatsu biyu, ta juya shi, ta shafe shi da tafin hannu, ta kifa takardar a kai, ta matsar da ita kaɗan. Gefe ɗaya ya rage bai samu yadi ba, ɗan siriri. Ta jawo wani ƙaramin ƙyalle ta saka a wurin, furen ya haɗu da fure.

"Ka gani? Nan ƙarin zai zauna. Kafa fil. Zana. Ka bar rara, har a wurin ƙarin." Ya yi duk yadda ta ce. "Yanzu yanka. Kar ka ɗaga yadin daga teburi, almakashin ne zai bi ƙasa."

Ya yanka. Ta ɗauki sabon hannun ta kara shi da wanda ke jikin rigar, fuska da fuska, suka yi daidai. Hawaye na zuba a fuskar Birki, bai ma damu ya share ba. Ya ga ƙafar tata na karkarwa, sai ya sunkuya zai ɗauke ta.

"Ya isa haka, Maman yara. Zo in mayar da ke ki kwanta."

Ta dube shi sama da ƙasa.

"Wa ya ce maka komawa zan yi? Jawo mini kujera nan kusa da keke. Wuyan rigar nan ka yi zaton kai kaɗai zan bar wa?"